Ɗiban Wuta a Bronx

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ku juyo nan. Tun ɗazu nake jin ku daga kicin, wai za ku fara dafa wa mabuƙata abinci duk Juma'a a Harlem, kuma wai ai ba wani aiki ba ne, a auna shinkafa, a ɗora tukunya, a raba. Ke Safiya har da cewa kafin azahar kun gama kun tafi yawo. Kayya! Ke da ko albasa kika yanka sai kin nemi kujera. Ni da kuke gani na yi wannan aiki shekara da shekaru, tun iyayenku ba su san hanyar filin jirgin JFK ba, kuma ba a masallaci na koya ba. A gidan ciyarwar Yahudawa na koya, can Bronx, a ɗakin ƙasa na wani tsohon wurin ibadarsu. Kada ku zaro min ido, haka aka yi.

A ƙarshen shekarun tamanin na biyo maigidana Alhaji, Allah ya jiƙansa. Karatu ya zo yi, karatun ya rikiɗe ya koma tuƙin tasi, muka kama ɗaki a Parkchester. Lokacin ba kamar yanzu ba ne da kowace kwana akwai mahaucin halal. Malamanmu suka ce yankan Yahudawa ya halatta gare mu, don haka wurin mahaucinsu nake sayen kaza. Wata rana na mayar masa da kaza, na nuna masa inda jini ya kwanta a fiffike, na ce ba ita zan biya wa kuɗi ba. Wata gajeriyar mata mai ɗankwali tana bayana tana kallo. Da na fito ta biyo ni har bakin titi, ta ce min, “Ke, kin iya girkin mutane da yawa?” Na ce mata a gidanmu na Zariya ba mu taɓa ɗora ƙaramar tukunya ba. Ta ce, “Gobe ki zo.” Ita ce Madam Rifka, shugabar gidan ciyarwar, kuma a hannunta na koyi duk abin da na sani. Da ta ji sunana Hauwa sai ta tafa hannu, ta ce su ma suna da shi, sunan kakarta ke nan.

Aikin farko da ta ba ni ƙwai ne. Na ɗauka zan fasa su a roba ɗaya in kaɗa, kamar yadda kowa yake yi. Ina! Kowane ƙwai sai an fasa shi shi kaɗai a kofin gilas, a ɗaga a duba ta sama, a duba ta ƙasa. In akwai ɗigon jini ko kamar kan allura, an zubar, an wanke kofin. Ku yi tunanin kiret bisa kiret, kina tsaye, wuya ya ƙage. Daga nan sai ganye. Kowane kunnen latas sai kin buɗe shi a gaban fitila kin nemi ƙwaro, don su cin ƙwaro guda a wurinsu babban al'amari ne. Wake da shinkafa kam ban sha wuya ba, tsinta tun ina yarinya nake yi a faifai. Madam Rifka ta tsaya ta ga yadda hannuna yake gudu, sai ta ƙaro min wani buhun.

Kayan aikin kicin ɗin kashi biyu ne, kuma ba sa haɗuwa har abada. Su Yahudawa ba sa haɗa nama da madara, ba a tukunya ba, ba a faranti ba, ba ma a wurin wanke-wanke ba. Duk ludayi da wuƙa da tukunyar nama an ɗiga musu jan fenti a hannu, na madara kuma shuɗi. Soso ma kowa da nasa. Wata mata da aka ɗauka tare da ni ta tsoma ludayi mai jan fenti a tukunyar madarar yara tana tafasa, ba da gangan ba, hira ce ta ɗauke mata hankali. A gabana aka kwashe tukunyar nan kaf aka zubar. Na ce, “Haba Madam, ga yara can suna jira!” Ta ce, “Hauwa, mutanen nan talauci ya ƙwace musu komai, abu ɗaya ya rage musu, in sun ci abincin gidan nan sun san tsarkakakke ne a addininsu. Ba za mu ƙwace musu wannan ba.” Muka sake ɗora wata, yaran suka ci a makare.

Sai maganar wuta, wadda ita ce nake so ku riƙe. Ran da na fara zuwa na ɗauko ashana zan kunna murhun gas, sai na ji an riƙe min hannun riga. Wani dogon dattijo ne mai farin gemu, malaminsu mai kula da tsarkin abinci. Su suna ce masa Rabai, ni kuwa Malam Shimon nake ce masa, kuma yana amsawa. Ya ce min a dokarsu, dafaffen abinci irin nama da wake ba sa ci sai Bayahude yana da hannu a girkin, ko da kunna wutar ne kawai. Ni zan iya yanka, in zuba, in juya, in sauke, amma wutar sai nasu ya kunna. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce, “Malam, ƙazanta kuka gani a hannuna?” Ya ce, “A'a, Hauwa, hannunki ya fi nawa tsabta. Ke kina cin yankan kowa?” Na ce a'a. Ya ce, “To, mu ma da namu.” Nan ya kama ni. Dabarar da suka yi ita ce, a cikin murhun akwai wata 'yar ƙaramar wuta da ke ci dare da rana, daga ita sauran kawunan suke kamawa in an murɗa. Mu uwar wuta muke ce mata. Malam Shimon ne ya kunna ta da hannunsa, don haka muddin tana ci, ina iya girkina ko babu kowa a kicin.

Masu cin abincin kuwa, in kun gan su a titi ba za ku ce suna da buƙata ba. Unguwar a da ta Yahudawa ce, masu hali suka tashi suka bar tsofaffi. Sai kuma ga waɗanda suka yi ta kwararowa daga Rasha da iyalansu, da akwati ɗaya da yara. Akwai wani injiniya da kullum sai ya ɗaura laktaye a wuya zai zo karɓar miya. Akwai wata tsohuwa da ke cusa burodi a aljihun kwat ko an cika mata jaka, Madam Rifka ta ce kada wanda ya kuskura ya nuna ya gani, yunwar yaƙi ce ba ta sake ta ba. Ranakun mako yara ne suke zuwa bayan makaranta su ci a tebur. Na taɓa jefa musu attaruhu guda ɗaya tak a miyar kaza, ɗakin nan ya kaure da kuka kamar gidan rasuwa, sai da aka bi su da ruwa. Kuma akwai yadda ake miƙa abinci. Ba a tambayar suna, ba a zuba wa mutum ido, a jakar kanti ake sa robar don maƙwabta su ɗauka cefane ya yi. Madam Rifka cewa take, “Mun dafa ya yi yawa, ku taimaka mana kada ya lalace.” Ku da kuke shirin ɗaukar hoton masu karɓa ku watsa a duniya, da a gabanta ne da ludayi za ta kore ku.

Tukunyar Juma'a ita ce uwar aiki. Daga faɗuwar ranar Juma'a har zuwa Asabar da daddare, Bayahude mai riƙo da addini ba ya kunna wuta, ba ya girki, ba ya saye, ba ya ɗaukar kaya a titi. Don haka abincin yini guda cur sai an gama shi, kowa ya zo ya ɗauka ya isa gida kafin rana ta faɗi. Muna yin miyar kaza, da burodin nan nasu mai kitso, da wani abinci da suke kira colant, wato wake da sha'ir da dankali da nama a tukunya ɗaya, mai nauyi, wanda yake kwana a kan ɗumi. Waken nan ba ya jin lallashi, in ba ki ɗora shi da sassafe ba, tsakuwa za ki raba wa mutane. Da sanyi kuma ranar gajeriya ce, kina sallame la'asar duhu ya taho. Duk Juma'ar hunturu da gudu muke yin ta.

To, sai ga mummunar shekara. Masu ba da taimako suka ja baya, bakunan ci kuma suka ƙaru. Aka sallami ma'aikata, ya rage daga ni sai Isufu, wani mutumin Maraɗi mai wanke tukwane da ɗaukar buhu, ƙato, mai iyali, mai saurin baki. Muka koma ƙara dankali muna rage nama, ƙashin kaza ma sai mun tafasa shi sau biyu. Ana cikin haka Madam Rifka ta zame a kan ƙanƙara ta karye a ƙafa, ta kwanta a gidan 'yarta a Queens. Ta miƙo min mukullai ta ce, “Kicin yana hannunki.” Mata masu zuwa taimako na sa-kai daga nesa suke zuwa, Malam Shimon kuma a Brooklyn yake, jirgin ƙasa yake hawowa.

A cikin wannan hunturun ne dusar ƙanƙara ta sauka tun Alhamis da daddare, irin wadda ban taɓa gani ba. Da gari ya waye motoci sun zama tuddai, jirgin ƙasan unguwarmu mai bi ta kan gada ya tsaya cak, kantuna a rufe. Alhaji ya ce, “Ina za ki a wannan hali?” Na ce yau Juma'a. Na zura takalmansa na roba, na ɗaura zane a kan wando biyu, na kama hanya a ƙasa, dusar tana kai min gwiwa. A bakin ƙofa na tarar da Isufu yana haƙa hanya da shebur. Muna buɗewa warin gas ya buge mu. Iska ta fasa 'yar tagar da ke saman murhu, dusa ta zubo ta narke a kai, uwar wuta ta mutu murus.

Isufu ya rufe gas, muka buɗe ƙofofi warin ya fita, ya toshe tagar da kwali. Na tsaya ina kallon wake da na jiƙa tun jiya, ga kaji a gyare, ga ƙullin burodi ya tashi har yana ture murfi. Komai a shirye, wuta ce babu. Kuma na san abin da ke tafe. Da azahar iyaye za su keto dusar nan su zo da jakunkunansu, don babu kanti a buɗe, kuma gobe ba su da halin saye ko girki. In na jira su zo ɗayansu ya kunna, wake ba zai dahu ba kafin faɗuwar rana. Yaran da nake zuba wa miya kullum za su zauna da yunwa har Asabar da daddare.

Isufu ya laluba aljihu ya fito da ashana, ya karkaɗa ta a kunnena. Ya ce, “Hajiya, ga wuta. Wa ya gan mu? Daga ni sai ke sai Allah.”

Na ce, “To ai ka lissafo wanda nake tsoro.”

Ya ce, “Yara za su kwana da yunwa saboda tsinken ashana? Wannan wace irin magana ce!”

Na ce, “Isufu, in wani ya ba 'ya'yanka mushe ya ce maka yankakke ne, don dai kada su ji yunwa, za ka gode masa?” Ya mayar da ashanar aljihu yana gunaguni da Faransanci. Amma kada ku ɗauka ban ji maganarsa ba. Ta shige ni sosai, tsoro ya kama ni.

Na buga wa Malam Shimon waya. Ya ce tun asuba yake tashar jirgi, babu abin da ke motsi, ya dawo gida. Ya ce, “Hauwa, ba sai ni ba. Kowane Bayahude babba, namiji ko mace, in ya kunna ya wadatar. Nemo na kusa.” Na kusa kuwa mutum ɗaya na sani, kuma ita ce wadda ba na so in nema. Wata tsohuwa ce mai suna Faniya, a dogon ginin da ke tsallaken titi, can hawan ƙarshe. Shugabar makaranta ce a ƙasarsu, ta zo nan da 'yarta da jikoki biyu mata ƙanana. 'Yar tana aikin jinyar tsofaffi a Manhattan, can take kwana. Sau biyu Madam Rifka tana aike na da abinci gidan, sau biyu tsohuwar nan tana mayar da ni da shi, tana cewa ita ba maroƙiya ba ce, alhali ina hango jikokin ta bayanta, wuyansu kamar na tsintsiya. Ita kaɗai ce Bayahudiya babba da ta rage a ginin.

Muka keta titi, muka hau matakala, don lif ɗin ginin ya daɗe da mutuwa. Ta buɗe ƙofa da sarƙa a maƙale, tana dogare da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu na masu ciwon ƙugu. Tana ganina ta ɗaure fuska ta ce, “Na gaya miki ba ma karɓa.”

Na buɗe mata tafukan hannuna na ce, “Kaka, yau ban kawo komai ba. Roƙo na zo yi.”

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, “Wurina? Me nake da shi?”

Da guntun Turancina da guntun nata, da 'yan kalmomin yarensu da na tsinta a kicin, na fahimtar da ita. Ta cire sarƙar. Amma saukowa fa babu hali, tun da aka yi mata aiki a ƙugu ba ta taka matakala ba. Isufu ya durƙusa ya nuna mata bayansa, wai ta hau ya goya ta. Tsohuwar nan ta ɗaga ƙarfenta kamar za ta rafka masa, ta zazzaga masa wani abu da Rashanci wanda ba sai an fassara ba. Ya miƙe ya koma bakin ƙofa ya ce, “Hajiya, wannan ta fi ƙarfina.”

Ina tsaye a ɗan kicin ɗinta, idona ya faɗa kan murhunta, ta ɗora ruwan shayi. Sai na tuna gida. A Zariya in wutarki ta mutu da safe ba ashana kike nema ba, kasko kike ɗauka ki shiga maƙwabta ki ce, “Salamu alaikum, na zo ɗiban wuta.” Babu gidan da ake hana wuta, ko kuna gaba. Na roƙi wayarta na sake kiran Malam Shimon. Na ce, “Malam, in ita ta kunna a nan, ni na ɗauko wutar na kai can, wutar wa ke nan?” Ya ce in dakata. Ina jin ƙarar takardu, yana buɗe littafi. Can ya ce, “Wutarta ce. Akwai magabatanmu da suka yarda da haka, kuma yau ranar matsi ce. Amma ki ji, Hauwa, in ta mutu a hanya, ba ki da ikon tayar da ita da taki. Sai ki koma.” Ya ce in ba shi tsohuwar. Suka yi magana da yarensu, na ga ta gyara tsayuwa, ta gyara ɗankwali.

Ta ɗauko wani kyandir na cikin kofin gilas, ta ƙyasta ashana da hannunta, ta kunna, ta miƙo min. Na rufe shi da tafin hannu, muka sauko a hankali kamar masu ɗauke da jariri. Muna kaiwa tsakiyar titi iska ta zo ta wuf, sai hayaƙi. Isufu ya daki cinyarsa ya ce, “La ilaha illallahu! Hajiya, ga ƙofar can, taku kaɗan ya rage!” Hannunsa ya sake tafiya aljihu. Na ce, “In ka fito da ita, wallahi sai na gaya wa matarka kai ne kake cinye ƙafafun kaji.” Ya cire hannun.

Laifina ne da na yarda da kyandir, ai ba da harshen wuta ake ɗiba ba, da garwashi ake yi. Na tuna akwai ragowar gawayi a sito, na gashin da aka yi wa yara da bazara. Na samo babban gwangwanin tumatir, Isufu ya huda masa ƙofofi da ƙusa, na zuba yashi a gindin wata tsohuwar tukunya da aka daina amfani da ita, na zaunar da gwangwanin a ciki. Muka sake hawa matakalar nan, gwiwoyina suna kuka. Da tsohuwa Faniya ta ga gawayi da gwangwani sai idonta ya kawo ruwa. Ta ce haka uwarta take aiken ta ɗebo wuta a ƙauyensu lokacin yaƙi, a cikin fasasshiyar tukunya. Ta karɓe aikin daga hannuna gaba ɗaya. Ta kashe murhunta ta sake kunna shi da kanta don kada a yi shakka, ta kama gawayi da abin ɗaukar suga tana gasa shi ɗaya bayan ɗaya har ya yi ja, tana ba mu umarni kamar 'yan aji ɗaya. Buɗe taga! Kai, matsa can! Ke, ba haka ake jerawa ba! Jikokin suna leƙe ta bayan kujera suna dariya.

Na rufe tukunyar na bar 'yar kafa, na rungume ta a ƙirji, na lulluɓe da mayafi. Isufu ya shiga gabana ya buɗe kwat ɗinsa ya tare min iska, yana tafiya da baya da baya, yana faɗuwa yana tashi. Da muka shiga kicin na buɗe murfi, gawayin ya yi fari fat, kamar ya mutu. Na durƙusa na hura. Babu komai. Na sake hurawa a hankali, yadda ake yi, ba da ƙarfi ba. Sai ga ja ya buɗe ido a ƙasa. Na murɗa takarda na kanga, ta kama, Isufu ya buɗe gas, na kai ta bakin uwar wuta. Fuf! Shuɗiyar wuta ta tashi. Isufu ya yi kabbara a ɗakin ƙasan Yahudawa har tukwane suna amsawa, ni kuwa na rangaɗa guɗa, ban san lokacin da ta fito ba.

Daga nan ba mu sake magana ba, sai aiki. Na kunna kawunan nan duka da tanda. Wake na raba shi tukwane da yawa don ya yi saurin dahuwa, dankali na yanka shi ƙanana. Isufu da bai taɓa kitsa burodi ba ranar ya kitsa, ya fito kamar igiyar ɗaure akuya, amma ya gasu. Salla ma da ƙyar muka yi ta bi da bi, ɗaya yana kan tukunya. Da azahar suka fara isowa, fararen dusa tun daga kai har ƙafa, wani yana jan ɗansa a kan murfin kwandon shara. Injiniyan nan ya shigo da laktayensa, ya tsaya a bakin ƙofa ya shaƙi ƙamshi, ya ce shi ya zo ne kawai don ya tabbatar a rufe muke, bai taɓa zaton zai ga hayaƙi ba. Sai ya dubi murhu, ya dube mu mu biyu, ya kasa tambaya don kunya. Na ce masa, “Wutar Kaka Faniya ce ta tsallaken titi, Malam ya sani.” Ya cire kwat ya naɗe hannun riga ya kama zuba miya. Ba wanda ya koma hannu wofi, ko mutum ɗaya, kuma rana tana sama kowa ya kama hanyar gida. Daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa a wurin aiki ba.

Na kankare gindin tukunya na cika robobi, na haɗa da burodi biyu, na sake hawa matakalar nan karo na uku, ina jan ƙafa. Ta buɗe, ta dubi jakar, na ga fuskar nan ta fara ɗaurewa kamar da. Na riga ta. Na ce, “Kaka, a garinmu in an ɗebi wuta a gidanki, ba a cinye girkin a hana ki. Wannan ba sadaka ba ce, rabon mai wuta ne.”

Ta matsa daga bakin ƙofa. Sai ta ce in ajiye a tebur. Ta buɗe robar colant, ta sa cokali ta ɗanɗana, tana taunawa a hankali kamar mai duba jarrabawa. Jikokin sun riga sun hau kujeru sun riƙe cokula.

Ta ce, “Gishiri bai ji ba.”

Na ce, “Ayya, Kaka, sauri ne.”

Ta ce, “Da wutata ba a yin girkin sauri. Juma'a mai zuwa ki kawo min in ɗanɗana tun yana kan wuta.” Ta jawo faranti biyu ta cika wa yaran har yana zuba, sannan ta ɗauko na uku ta zuba wa kanta.